Yadda Ake Haɗa Eriya A Gida Domin Jawo Rezo Daga Nesa



A garuruwan karkara da yawa akwai wuri guda da kowa ya sani, ko kan tudu, ko bayan makaranta, ko gindin wani gawo, inda nan kaɗai salula take kamawa. Mai son jin kuɗin wake a kasuwar Maraɗi sai ya taka zuwa can. Mai jiran saƙo daga ɗansa da ke ci-rani shi ma can zai nufa. Da rana abin da sauƙi. Amma in naƙuda ta kama mace da tsakar dare, ko maciji ya sari yaro a gona, tafiyar neman rezo takan cinye lokacin da ya kamata a ce mota ta riga ta taso.

Akwai dabarar da ke rage wannan wahala, kuma kayanta suna nan cikin gidajenmu da kasuwanninmu. Ita ce eriya, wadda waɗansu ke kira anten. Da kaskon suya, ko tsohon parabol, ko gwangwanin madara, mutum yana iya jawo rezon da ke wucewa ta saman gidansa. Sharaɗin guda ne: a yi awo daidai, a ɗora ta wurin da ya dace. Wanda ya haɗa da ka, ba tare da awo ba, ƙarfe kawai ya rataya.

Rezo iri biyu ne

Kafin a taɓa guduma, a rarrabe abu biyu. Na farko shi ne rezon kamfanin waya, wanda ke fitowa daga dogon ƙarfen nan da ake kafawa a manyan garuruwa da bakin hanya. Shi ne ke ɗauke da kira da saƙo da intanet zuwa salula, daga nisan kilomitoci. Na biyu shi ne wifi. Shi ƙaramin rezo ne na cikin gida, yana fitowa daga ɗan akwatin da ake sa wa layi, ana ce masa modem. Akwatin yana karɓar intanet daga dogon ƙarfe, ya raba wa salulolin da ke kusa da shi. Wifi ba ya nisa. Cikin ɗaki taku kaɗan yake yi, a fili kuma da wuya ya wuce mita 100.

Dukansu biyun igiyar rediyo ce, irin wadda ke kawo mana labarai a akwatin rediyo. Saboda haka dabara guda ke aiki a kansu, awo ne kawai ya bambanta.

Abin da eriya take yi

Ku ɗauki tocila ku duba cikinta. Bayan ƙwan akwai ɗan ƙoƙo mai ƙyalli. In aka cire wannan ƙoƙo, haske sai ya watsu ko'ina, sama da ƙasa da baya, ba ya kai ko ƙofar gida. In aka mayar da shi, da batirin nan da ƙwan nan, haske sai ya kai ƙarshen gona. Ƙoƙon bai ƙara wuta ba. Tattara haske ya yi, ya tura shi gefe guda.

Aikin eriya ke nan. Tana tattara abin da ke watse, ta nufa da shi inda ake so. Kuma aikinta gaba da baya ne: yadda take taimakon salula ta ji dogon ƙarfe, haka take taimakon dogon ƙarfe ya ji salula. Wannan yana da muhimmanci, domin sau da yawa salula tana jin ƙarfen, amma muryarta ce ba ta kai masa.

A riƙe ƙa'ida guda. A fili marar shamaki, in ana son nisa ya ninka biyu, sai ƙarfin da aka tattara ya ninka huɗu. Don haka eriya mai kyau tana iya mayar da sanda guda ta rezo ta zama biyu ko uku. Amma inda babu rezo ko kaɗan, ba abin da za ta tattara. Ba a tarar ruwan sama ranar da babu hadari.

Dabarar tsohuwa ce. A shekara ta 1888 wani masani Bajamushe, Heinrich Hertz, ya lanƙwasa fallen tutiya bisa katako, ya nuna cewa igiyar rediyo tana dawowa in ta bugi ƙarfe, kamar yadda haske ke dawowa daga madubi. Daga sunansa aka samo kalmar megahaz, wato MHz ɗin nan da ke rubuce a fuskar rediyonku.

Kowace igiya da tsawonta

Masu sauraren gajeren zango sun saba jin ana cewa tasha kaza tana kan mita 31, ko mita 25, ko mita 19. Waɗannan mitoci tsawon igiyar tashar ne, wato tazarar da ke tsakanin tozo da tozo, kamar tsakanin kunya da kunya a gona. Lissafinsa da sauƙi. Igiyar rediyo tana gudun kilomita dubu 300 cikin daƙiƙa guda. In aka raba 300 da lambar megahaz, sai a sami tsawon igiya da mita. Ga yadda abin yake:

Rediyon FM, megahaz 100: mita 3.
Salula, megahaz 900: santimita 33.
Salula, megahaz 1800: kusan santimita 17.
Wifi, megahaz 2400: santimita 12 da rabi.
Wifi, megahaz 5000: santimita 6.

Amfanin sanin wannan shi ne, girman eriya yana bin tsawon igiya. Gwangwanin da ya yi wa wifi daidai ya yi wa igiyar megahaz 900 kaɗan, ba za ta ma shiga bakinsa ba. Kuma doguwar igiya ta fi gajera iya ratsa itatuwa da tafiya nesa. Shi ya sa a karkara, nesa da dogon ƙarfe, yawanci doguwar ce ke isowa.

Aiki na farko: a hau sama

Abin da ya fi kowace eriya amfani shi ne tsawo. Igiyar salula da ta wifi suna son hanya miƙaƙƙa. Tudun rairayi yana tare su. Katangar ƙasa mai kauri tana rage su. Rufin kwano yana mayar da su baya, shi ya sa rezo kan ɓace da an shiga ɗakin kwano. Ruwa kuma yana shanye su, musamman wifi. Ganye ɗanye cike yake da ruwa, don haka wurin da ke kamawa da rani yana iya dainawa da damina, lokacin da itatuwa suka yi ganye kuma hatsi ya wuce kai.

Har ila yau ƙasa kanta a lanƙwashe take. Mutum a tsaye cikin fili, idonsa yana kai wajen kilomita 4 ko 5, daga nan ƙasa ta ɓoye sauran. In ya hau mita 4, sai ya hangi kilomita 7. In ya hau mita 9, sai ya hangi kusan kilomita 11. Dogon ƙarfe mai mita 40 yana hangen wajen kilomita 23. A haɗa hangen ƙarfe da hangen gida, shi ne iyakar inda za su ga juna. Ka ga ke nan gora guda mai mita 9 tana ƙara wa gida kilomita 6 ko fiye.

Ga yadda ake yi. A sami gora doguwa ko bututu. A sami roba fara mai murfi, irin ta ajiyar abinci. A huda ƙananan ramuka a gindinta domin iska ta shiga, kuma ruwan da ya ɗiga ya fita. A sa modem a ciki, a ɗaure robar a kan gorar, a ja masa wayar caji zuwa ƙasa. Modem zai kamo rezo daga can sama, ya sauko da wifi cikin gida, kowa ya kama yana zaune a tabarmarsa. Tsohuwar salula mai iya raba intanet ita ma tana yin wannan aiki. Kada a sa na'ura cikin gwangwani ko tukunya a rufe, domin ƙarfe zai toshe ta gaba ɗaya.

Mutane da yawa nan aikinsu zai tsaya, domin tsawon kaɗai ya wadatar. In bai wadatar ba, sai a wuce aiki na biyu.

Aiki na biyu: kasko ko parabol

A ƙasar Indunusiya, tun cikin shekarun 2000, mutanen unguwanni suke jawo intanet da kaskon suya. Sunan kasko a harshensu wajan, sai suka raɗa wa eriyar suna wajanbolic. Kaskon nasu ɗan uwan kaskon ƙosai ne na wajenmu, mai zagayayyen gindi. Duk igiyar da ta faɗa cikinsa sai ta dawo ta taru wuri guda a tsakiya. Wannan wuri shi ne matattara, kuma nan ake ɗora na'ura.

A lura, kasko mai zagayayyen gindi ake so. Tasa ko daro mai shimfiɗaɗɗen gindi ba ya tattarawa da kyau.

Ana gano matattara da lissafi. A auna faɗin bakin kasko. A gitta sanda a bakinsa, a auna zurfinsa daga sandar zuwa tsakiyar gindi. A ninka faɗi da kansa. Sannan a ninka zurfi da 16. A raba na farko da na biyu. Misali, kasko mai faɗin santimita 40 da zurfin santimita 10: 40 sau 40 ya ba da 1600, 10 sau 16 ya ba da 160, 1600 a raba da 160 ya ba da 10. Matattara tana santimita 10 daga tsakiyar gindi. Wani misali, faɗi 60 da zurfi 10: 3600 a raba da 160, ya ba da santimita 22 da rabi.

Matakan haɗawa:

1. A wanke kasko, a kankare maiƙo da baƙin hayaƙi.
2. A huda tsakiyar gindinsa, a kafa sandar icce ko bututun roba da ya kai tsawon matattara. Kada a yi wannan sanda da ƙarfe.
3. A ɗaure modem a bakin sandar da robar tayar keke, a rufe shi da roba domin ruwa da ƙura.
4. A ɗaure kasko a jikin gora ta yadda za a iya juya shi dama da hagu.
5. A fuskantar da bakinsa wajen dogon ƙarfe.

Kasko mai santimita 40 ko 50 ya yi wa wifi daidai, kuma yana ɗan taimakawa ga igiyar salula mai santimita 17. Ga igiya mai santimita 33 kuwa ya yi ƙanƙanta. Nan sai tsohon parabol na talabijin, mai faɗin santimita 90 ko fiye. Parabol yana da sauƙi guda: maƙeransa sun riga sun auna matattara. Sai a kwance kan nan da ke bakin hannunsa, a ɗaure modem a gurbinsa.

Akwai wani sirri ga parabol mai hannu daga ƙasa, wanda shi ne ya fi yawa a gidaje. In aka tsayar da fuskarsa sak, ba gabansa yake kallo ba, sama yake kallo, domin don tauraron ɗan adam aka ƙera shi. Dogon ƙarfe kuwa a ƙasa yake. Saboda haka sai an sunkuyar da fuskarsa ƙasa, har mai wucewa ya zaci ƙasa yake kallo. A riƙa sunkuyarwa sannu sannu ana duba rezo, har a sami inda ya fi ƙarfi.

Wanda ba shi da kasko ko parabol yana iya lanƙwasa ragar taga ta ƙarfe bisa firam na icce. Igiya ba ta wucewa ta raga in idon ragar bai kai kashi ɗaya cikin goma na tsawonta ba. Ga wifi, ido mai santimita 1 ko ƙasa da haka ya isa. Raga ta fi kasko sauƙin nauyi, kuma iska tana ratsa ta. Amma ragar roba ba ta aiki, sai ta ƙarfe. A ƙasar Mali, cikin shekarun 2000, ma'aikatan ƙungiyar Geekcorps sun yi eriyar wifi da gorar ruwa ta roba da aka naɗe da irin wannan raga.

Har ina dabarar ke iya kaiwa? A shekara ta 2006, a ƙasar Benezuwela ta Kudancin Amurka, wani malamin jami'a mai suna Ermanno Pietrosemoli da abokan aikinsa sun haɗa wifi tsakanin wurare biyu masu nisan kilomita 279, da manyan parabol da aka daina aiki da su. Wannan nisa ya ɗara tsakanin Maraɗi da Damagaram. A 2007 suka kai kilomita 382. Sun iya haka ne domin gefe guda yana kan dutse mai tsawon fiye da mita 4000, ba abin da ya gitta tsakani. Darasin da ke ciki shi ne wanda muka fara da shi: tsawo da hanya buɗaɗɗiya.

Aiki na uku: eriyar gwangwani

Wannan ta wifi ce mai megahaz 2400. Amfaninta shi ne kai wifi daga gida zuwa gida, ko daga ofishin ƙungiyar manoma zuwa shagon da ke ɗaya gefen gari, in mai wifin ya yarda. Tana aiki da kwamfuta ko akwatin wifi, domin su ne ke da wurin haɗa eriya. Salula ba ta da shi.

A nemi gwangwanin ƙarfe mai buɗaɗɗen baki guda, wanda bai lotse ba. Faɗin bakinsa ya kasance tsakanin santimita 8 da 10. Wanda ya gaza santimita 7 da rabi ba ya aiki sam. Gwangwanin madarar gari da babban gwangwanin tumatir sukan zo kusa da santimita 10, amma a auna, kada a yi zato. Tsawonsa ya kai santimita 13 ga mai faɗin baki, ya kai 19 ga mai ƙaramin baki. In ya gaza, mai walda ko mai gyaran rediyo yana iya cire gindin wani irinsa ya haɗa su biyu da darma.

A gefen gwangwanin ake huda rami guda. Nisan ramin daga gindi shi ne ran aikin, kuma yana bin faɗin baki:

Faɗi milimita 83: rami a milimita 62 daga gindi.
Faɗi milimita 90: rami a milimita 51 daga gindi.
Faɗi milimita 100: rami a milimita 44 daga gindi.

Ta cikin ramin ake tsayar da guntuwar wayar jan ƙarfe, mai kauri kamar tsinken ashana. Tsawon abin da ya shiga cikin gwangwani ya zama milimita 31, wato rubu'in tsawon igiya. Wannan waya kada ta taɓa jikin gwangwani. Ana haɗa ta da wayar tsakiya ta kebul, sannan saƙar da ke kewaye da kebul ɗin a haɗa ta da jikin gwangwani. Aikin darma ne, mai gyaran rediyo zai yi shi cikin ɗan lokaci.

Me ya sa awon ya zama dole? Igiya tana shiga ta baki, ta bugi gindi, ta dawo. A wani wuri mai shiga da mai dawowa suna haɗa ƙarfi, a wani wuri kuma suna kashe juna. Awon da ke sama shi ne wurin da suke haɗa ƙarfi. In aka matsa da ramin kusa da gindi, sai a faɗa wurin da suke kashe juna.

Akwai hanya mafi sauƙi wadda ba ta buƙatar darma. Ana sayar da ƴar na'urar kama wifi mai kamar maɓalli, wadda ake cusawa a kafar USB ta kwamfuta. A faɗaɗa ramin, a cusa kan na'urar cikin gwangwani a daidai wancan awo, a ja ta zuwa kwamfuta da kebul na USB. Daga ƙarshe a rufe bakin gwangwani da murfin roba domin ƙura da zanzaro. Roba ba ta tare igiya.

In eriyar ɗaya gefen a tsaye take, wayar cikin gwangwani ita ma ta tsaya a tsaye. In an sa gwangwani a gefe biyu suna kallon juna, nisan zai fi na gefe guda nesa ba kusa ba. Kuma a tazarar kilomita guda, a tabbata tsakiyar hanya ta wuce saman rufi da itatuwa da mita 3 ko 4, domin igiya tana buɗewa a tsakiya kamar cikin kwale-kwale.

Kebul yana cin rabonsa

Nan ne mutane da yawa ke asara. Su haɗa eriya mai kyau, su ɗora ta sama, sannan su ja siririn kebul mita 15 zuwa ɗaki. Kebul na eriya kamar hanyar ruwa ce cikin rairayi, yana shan abin da ya ɗauko. Siririn kebul yana iya shanye rabin ƙarfin wifi cikin mita 3 ko 4. Kafin mita 15 ya cinye duk abin da gwangwani ya tara har da ƙari.

Maganin shi ne na'ura ta hau sama ta zauna kusa da eriya, kebul ɗin tsakaninsu ya zama gajere ƙwarai. Abin da zai sauko ƙasa ya zama wayar caji, ko kebul na USB wanda iyakarsa mita 5, ko kebul na haɗa kwamfuta da kwamfuta wanda ke kai mita 100 ba tare da asara ba.

Yadda ake saitawa

Eriya mai tattarawa idonta ƙunci ne da shi, sai an saita ta. Mutum biyu ake so, guda yana juyawa, guda yana duba rezo. A juya kaɗan, a dakata kamar rabin minti, domin salula ba ta nuna canji nan take. In an sami wurin da ya fi, a gwada sama da ƙasa, a gwada karkatar da modem, sannan a ɗaure tam, a yi alama da fenti.

Sandunan rezo na fuskar salula awo ne na sama sama. A cikin saitin yawancin saluloli akwai lamba mai alamar ɗebewa a gabanta, kamar -105 ko -90. Wadda ta fi ƙanƙanta ita ta fi kyau: -90 ta fi -105 ƙarfi. Duk lokacin da lambar ta sauka da 6, ƙarfi ya ninka huɗu. A rubuta lambar kafin aiki da bayan aiki, ita za ta faɗi gaskiyar eriyar.

A san kuma cewa tsohon tsarin salula, wanda ake kira 2G, yana da iyaka ta kilomita 35 daga dogon ƙarfe, sai in kamfani ya yi masa saiti na musamman. Bayan wannan nisa kira ba ya shiga ko da eriya ta kamo alama.

Hattara da rai da lafiya

Tsawa tana son abin da ya fi tsawo. Gorar da ta wuce rufi tana iya jawo ta cikin gida ta hanyar wayar caji. In hadari ya taso, a cire duk wata waya da ta shiga ɗaki, kuma in da hali a kwantar da gorar kafin iska ta iso. In ƙarfe aka kafa na dindindin, a sa mai aikin lantarki ya ja masa waya mai kauri zuwa turken ƙarfe da aka binne cikin ƙasa. Kada kowa ya taɓa shi ana walƙiya.

A nisanci wayar lantarki. Tazarar gora da wayar lantarki ta kai ninki biyu na tsawon gorar, yadda ko ta faɗi ba za ta taɓa ba. A ɗaure gora da igiya uku zuwa turaku uku, domin kasko yana kama iska, kuma in ya faɗo daga mita 9 cikin gidan da yara ke wasa, abin ba zai yi kyau ba.

Bakin gwangwani yana yanka. A danne shi da filaya kafin a fara aiki. Wanda ƙarfe mai tsatsa ya yanka ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya je asibiti a duba maganar allurar sandarewar jiki. Gwangwanin maganin ƙwari na gona kuwa kada a taɓa shi domin wannan aiki, gubarsa ba ta fita da wanki.

Batirin modem da na salula ba sa son zafi. Cikin bazara, watan Afrilu da Mayu, roba a rufe cikin rana tana zafi fiye da iskar waje. A yi mata ƴar inuwa da zana ko tsohon faifai. Batirin da ya kumbura a cire shi nan da nan, domin yana iya kama wuta.

Waɗansu na tambaya ko eriyar tana cutar da jiki. Kasko da gwangwani ba su da wuta tasu. Ƙarfin wifi na gida wajen kashi ɗaya cikin goma na wat guda ne, bai kai na ƙaramin ƙwan sola ba.

Abin da ba ya aiki, da abin da doka ta hana

A kasuwa ana tallar wata ƴar takarda mai ƙyalli da ake liƙawa bayan salula, wai tana ƙara rezo. Ba ta ƙara komi. Haka manhajojin da ake cewa a saukar cikin salula su jawo rezo. Kuɗin da za a kashe musu ya fi kyau a sayi gora da igiya.

Akwai kuma akwatin lantarki mai ƙara ƙarfin rezo ya sake watsa shi. Wannan daban yake da eriyar da muka bayyana, domin shi watsawa yake yi a kan zangon kamfanonin waya. In ba a kafa shi daidai ba, yana iya ɓata rezon unguwa duka. Hukumar ARCEP ce ke kula da zangon sadarwa a Nijar, a nemi izninta da shawarar kamfani kafin a sayi irin wannan akwati.

Sannan wifin maƙwabci dukiyarsa ce, da kuɗinsa ya saya. Eriya tana iya jawo shi, amma shiga ba da izni ba cin amana ne, kuma dokar 2019 kan laifuffukan intanet ta hana kutsawa cikin na'urar wani. Abin da ya fi shi ne gidaje uku ko huɗu su haɗa kuɗi, su sayi modem guda, su kafa gora guda, su riƙa karo-karon kuɗin wata.

Wanda zai fara, ya fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ya zagaya gida da salula a hannu, ya hau soro, ya gano inda rezo ke leƙowa da gefen da dogon ƙarfe yake. Sannan gora. In bai isa ba, kasko ko parabol. A yi aikin da rani, kafin iskar farkon damina, kuma a rubuta lambar asibiti mafi kusa da ta mai motar gari a jikin bango kusa da inda rezon ke sauka.

Allah ya ba da sa'a, amin.